Haƙƙin Talaka A Fili Da Inuwa: Magana Kan Magama Tun Kafin Jirgi Ya Iso

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, daga cikin abubuwan da ake rabawa a gari, da wuya a sami wanda ake tauye talaka a rabonsa kuma kowa ya yi shiru kamar inuwa. Ana kokawa a kan ruwan famfo, ana kokawa a kan lantarki da kwalta, amma ba kasafai za ka ji wani ya miƙe ya tambayi dalilin da ya sa wata unguwa take lulluɓe da itatuwa, wata kuwa babu ko gindin icen da tsohuwa za ta zauna ta sarara ba. Mun saba ganin abin har ya zame mana kamar halitta. Alhali kuwa hannun ɗan Adam ne ya auna ƙasar, ya yanka ta, ya ce nan a bar fili, can kuma a cika da gini har bakin kwata. Duk abin da hannun mutum ya raba kuwa, akwai tambaya a kansa ranar gobe.

Muna wannan magana ne da Magama ta Jibiya a ranmu. Sunanta ma ya faɗi aikinta, domin a nan hanyar da ta taso daga Katsina take gamuwa da wadda ta nufi Ɗan Isa da Maraɗi. Gari ne na jira. Direban tirela yana jiran a duba takardunsa, ɗan dako yana jiran kaya, mai goyo tana jiran mota ta cika, wanda 'yan bindiga suka raba da ƙauyensa yana jiran ranar komawa gida. A tsakiyar bazara, sa'ad da zafi yake haura digiri 40, mafi yawan masu wannan jira ba su da mafaka sai ƙarƙashin mota, ko rumfar buhu, ko jikin katangar wani. Mai hali kuwa ya shige gidansa, ya ja ƙyaure, ya kishingiɗa gindin mangwaron tsakar gida.

Mutanen wannan yanki sun ɗanɗana yadda ake yanke musu hukunci daga nesa. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai a Afrilun 2022. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024. Duk waɗannan ba a hannun ɗan Magama suke ba. Amma ƙasar da yake takawa, da yadda za a yanka ta, wannan magana ce ta gida, kuma lokacinta ya yi. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, ta Daura da Katsina da Jibiya zai ratsa. Wanda ya san yadda jirgin ƙasa ya bunƙasa Funtuwa da Gusau da Ƙauran Namoda ba ya bukatar a gaya masa abin da ke biyo baya. Gona takan zama fuloti, fuloti ya zama shago, dillalai su riga mai unguwa sanin farashi. Filin da ba a keɓe wa jama'a kafin wannan guguwa ba, ba za a same shi bayanta ba.

Rashin adalcin rabon inuwa yana da tarihi a ƙasarmu. Dokar garuruwa ta 1917, ta zamanin Lugga, da tsarin da aka bi a lokacin, sun ware wa Turawa unguwarsu daban, aka bar tazarar yadi 440 da ba a gini a cikinta tsakaninsu da 'yan ƙasa. Gidaje masu faɗin fili, da layukan maɗaci da bedi, da filayen folo da na sukuwa, a wancan ɓangare aka tara su. Da Turawa suka tafi, manyan ma'aikata suka gaji gidajen da inuwar tare, tsarin kuma ya ci gaba da haihuwa. Shi ya sa har yau idan ka shiga Jiyare a Katsina ko Kano ko Zariya sai ka ji iska ta sauya, in ka gangara unguwannin da suka tsiro a bayan gari kuwa sai kwanon rufi da ƙura. Ba mu kaɗai ba ne. Wani bincike da aka wallafa a 2020 a kan birane 108 na Amurka ya gano cewa unguwannin da aka daɗe ana hana wa mazaunansu bashin gina gida, galibinsu na baƙaƙen fata, sun fi sauran zafi da kusan digiri biyu da rabi, saboda ƙarancin itatuwa da yawan siminti. Hausawa sun daɗe da yi wa irin wannan suna: inuwar giginya, na nesa ka sha.

To, mene ne ma'aunin da addininmu ya ba mu? Akwai babi a fiƙihu da ake kira hima, wato yankin ƙasa da shugaba yake keɓewa domin maslahar jama'a. A jahiliyya mai ƙarfi ne yake kange makiyaya mai kyau don dabbobinsa shi kaɗai, sannan ya zo ya yi tarayya da sauran mutane a ragowar. Manzon Allah (SAW) ya rushe wannan, ya bayyana cewa keɓe ƙasa haƙƙin Allah ne da Manzonsa, kamar yadda Bukhari ya ruwaito, malamai kuma suka fahimci cewa shugaba ba shi da ikon keɓewa sai don amfanin Musulmi baki ɗaya. Shi da kansa ya keɓe Naƙi'u, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Sharaf da Rabaza.

Abin da ya kamata kowane jami'in filaye ya haddace shi ne wasiyyar da Umar ya yi wa bawansa Hunayyu, wanda ya ɗora a kan himar. Imamu Malik ya kawo ta a ƙarshen Muwaɗɗa, Bukhari ma ya kawo. Umar ya umarce shi da ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta. Sannan ya ce masa ya shigar da mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan, amma ya yi hattara da garken Abdurrahman ɗan Aufu da na Usman ɗan Affan. Dalilinsa kuwa shi ne, waɗannan biyun idan dabbobinsu suka halaka suna da gonaki da dabino da za su koma musu. Mai ɗan ƙaramin garke kuwa, in nasa suka mutu, 'ya'yansa zai kwaso ya zo ya tsaya gaban Sarkin Muminai yana kuka, kuma ba yadda za a yi a kore shi. Saboda haka ba shi ciyawa da ruwa yau ya fi sauƙi a kan ba shi zinariya da azurfa gobe.

A tsaya a dubi waɗanda aka ce a tsare wa ƙofa. Ba azzalumai ba ne, ba 'yan handama ba ne. Sahabbai ne biyu daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, waɗanda dukiyarsu ta sha ɗaukar nauyin Musulunci a lokutan tsanani. Duk da haka Umar bai ce a yi layi, wanda ya riga zuwa ya shiga ba, bai kuma ce a raba daidai wa daida ba. Tambaya ɗaya ya yi: wa ke da wata madafa, wa kuma ba shi da ita? Wanda ba shi da inda zai koma, shi ne a gaba. Idan muka ɗauko wannan ma'auni muka aza a kan Magama, amsar ba ta da wuyar gani. Mai gida mai katanga da sola da mota yana da gonaki da dabinonsa. Iyalin da ke haya a ɗaki ɗaya mai rufin kwano, da almajirin da ke wanke allonsa a bakin titi, da 'yan gudun hijira, da yaron da ba shi da filin ƙwallo sai kwalta inda tireloli ke wucewa, su ne masu 'yan tumaki kaɗan. Duk wani lambu ko dandali ko filin wasa da za a keɓe, a unguwarsu ya kamata a fara sa shi, a tazarar da ƙafa za ta kai.

Akwai wani abu a ƙarshen wasiyyar da ake yawan tsallakewa. Umar ya nuna ya san mutanen yankin suna ganin ya tauye su, domin ƙasarsu ce tun kafin Musulunci, kuma ya rantse cewa ba don dabbobin da ake hawa saboda Allah ba, da bai kange musu ko taƙi ɗaya ba. Wannan gargaɗi ne ga duk wanda zai fake da maslahar jama'a. Ba a ƙwace gonar talaka a kan diyyar da ba ta sayen akuya, a ce za a yi wa jama'a lambu, bayan shekara biyu kuma a ga gidan mai ko otal a wurin. Idan za a karɓi ƙasar mutum, a biya shi abin da ta kai, a rubuta abin da aka karɓa dominsa, a kuma tsaya a kansa.

Kada a ce wannan maganar makiyaya ce, ba ta shafi gari ba. Mawardi ya kawo a cikin Al-Ahkamus Sulɗaniyya yadda sahabbai suka zana Basra a zamanin Umar. Babban titi kamu sittin, sauran tituna kamu ashirin, kowane lungu kamu bakwai, sannan a tsakiyar kowace unguwa aka bar fili yalwatacce don ɗaurin dawaki da binne mamata. A lura, kowace unguwa ce ta sami nata, ba a tara filin duka a ƙofar gidan gwamna ba. Magabatanmu na nan ƙasar ma a kan haka suka tafi. Kalmar hurumi da muke faɗa daga fiƙihu ta zo, daga harimin gari da na rijiya da na kogi, wato kewayen da ba a mallaka wa kowa saboda kowa yana bukatarsa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi musamman a kan hanyoyin mallakar ƙasar da ba ta da mai ita, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje Usulus Siyasa, inda ya lissafa raya garuruwa da gyaran kasuwanni da hanyoyi a cikin abubuwan da ke kan shugaba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 da ake aiki da ita yau ma, a sashenta na farko, ba ta ce gwamna ya mallaki ƙasa ba. Riƙon amana ta ba shi, don amfanin jama'a gaba ɗaya.

Mun san abin da wasu za su ce. Mutane suna fama da yunwa da 'yan bindiga, malam yana zancen wurin shaƙatawa? Amsa ita ce, keɓe fili a yau ba ya cin buhun masara ko ɗaya daga rabon kowa. Sa hannu ne, da turaku, da takarda. Tsadar tana zuwa ne idan aka yi sakaci. Kano ta nuna mana wannan a fili. An bar shaguna sun mamaye kewayen Filin Idi, sannan a watan Yunin 2023 aka zo da katafila aka rushe, dukiya mai yawa ta salwanta, shari'a ta biyo baya, 'yan kasuwar da suka sayi shagunan da guminsu suka tashi da asara. Ko wane ɓangare mutum ya goya wa baya a wannan rikici, zai yarda cewa da tun farko ba a taɓa filin ba, da ba a kai ga haka ba.

Jibiya kuwa tana da nata darasin, wanda ya fi na Kano ɗaci. A tsakiyar watan Yulin 2018 ruwan dare ɗaya ya ci rayuka sama da 40, ya rushe ɗaruruwan gidaje, har a cikin Nijar aka tsinci gawarwakin wasu. Allah ya jiƙansu. Mutuwa da ajali take, amma Shari'a ba ta hana mu duba sababi ba. A kowane gari, fulotin da ke cikin kwari ko a bakin hanyar ruwa shi ne mai araha, saboda haka mai ƙaramin ƙarfi ne yake sayensa, shi ne kuma ruwa yake fara tararwa yana barci. Irin wannan ƙasa ita ce ta fi cancanta a mayar hurumi, a dasa mata itatuwa, yara su yi wasa a cikinta da rani, ruwa ya bi hanyarsa da damina, a ba mutanen wurin zama a tudu. Dillalin da ya san wuri hanyar ruwa ne, ya yanka ya sayar wa baƙo ko ɗan gudun hijira bai faɗa masa ba, ya ɓoye aibi a ciniki, kuma hukuncin algus sananne ne.

Akwai kuma 'yan'uwa masu kishin addini da suke ƙyamar wuraren shaƙatawa saboda abin da ake gani a wasunsu na cakuɗuwa da shaye-shaye. Damuwarsu tana da tushe. Sai dai a tuna lokacin da Manzon Allah (SAW) ya gargaɗi sahabbai game da zama a kan hanyoyi, suka ce ba su da makawa, nan ne majalisarsu. Bai rufe majalisar ba. Sharuɗɗa ya gindaya musu: runtse ido, da kame cuta, da amsa sallama, da umarni da kyakkyawa da hani ga mummuna. Wurin da yake a buɗe, cikin unguwa, dattawa suna zama, akwai fitila da dare, ya fi nisa da ɓarna a kan kango da lungu mai duhu, inda matasa suke komawa idan ba su da wajen zuwa. Sa'annan kada a manta da mata. Su ne suke wuni a gidajen haya masu cunkoso, ga zafin murhu ga na kwano, su ne kuma ake mantawa da su idan ana zana fili, domin da zarar an ce filin jama'a sai a kafa ragar ƙwallo a ce an gama. A keɓe musu sashe mai shinge, ko ranaku sanannu, inda uwa za ta zauna da 'ya'yanta cikin sutura da natsuwa.

Batun kuɗin shiga ma abin dubawa ne. A Alƙahira an ɗauki tudun jujin da aka shafe ɗaruruwan shekaru ana zubar da shara a kansa, a jikin unguwar talakawa ta Darbul Ahmar, aka mayar da shi Lambun Azhar, aka buɗe a 2005. Zaɓen wurin abin koyi ne, domin inda ake kai wa talaka shara aka kai masa lambu. Amma sai da tikiti ake shiga. Magidanci mai 'ya'ya bakwai a Magama, wanda abin da ya samu yau shi za a ci yau, ko naira nawa aka sa a ƙofa an riga an kore shi. Haka kuma idan aka gyara wuri, kada abin da zai fara biyo baya ya zama korar mai shayi da mai ƙosai da mai gyaran takalmi waɗanda suke nan tun wurin yana bola. A ba su gefe, a sa musu ƙa'idar tsafta.

Kiyaye wurin kuma yana kan masu amfani da shi. Muslim ya ruwaito gargaɗi a kan yin bahaya a hanyar mutane ko a inuwarsu, aka kira shi abin da ke jawo wa mai shi tsinuwa. Abu Dawuda ya ruwaito narko mai tsanani a kan sare magarya, ya kuma bayyana cewa ana nufin wadda matafiyi da dabbobi suke fakewa a inuwarta, mutum ya sare ta da gangan ba da haƙƙi ba. Idan wannan hukuncin magarya ɗaya ce a daji, ina ga wanda ya sare layin bedi guda don ya faɗaɗa shagonsa? A nan ya kamata a faɗi wata magana ko da ba za ta yi daɗi ba: cin filin jama'a ba ya zama halal don masallaci aka gina a kansa. Malamai sun yi saɓani a kan ingancin salla a ƙasar da aka ƙwace, amma ba su yi saɓani a kan zunubin ƙwacen ba, hadisin da ke cewa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa shi tun daga ƙasa bakwai kuwa bai togace kowa ba.

Attajiran da kasuwancin iyaka ya yi wa albarka suna da ƙofar lada a nan wadda ba a cika ƙwanƙwasawa ba. Wasu unguwanni suna da masallatai uku a layi ɗaya, babu filin yara ko guda. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya yi waƙafinta, gugansa ya zama daidai da gugan kowane Musulmi. Wanda ya sayi fuloti huɗu a unguwar marasa ƙarfi, ya haƙa rijiya, ya dasa tsamiya da bedi da ceɗiya, ya yi waƙafinsu, ya bi wannan sawu. Batun reno kuwa, maƙwabtanmu na Maraɗi sun riga sun nuna hanya. Tun daga shekarun 1980 manoma a can suka rungumi sassaben zamani, suna barin tohon gawo da sauran itatuwa a gonakinsu suna reno, har aka ƙiyasta ƙasar da ta farfaɗo a kudancin Nijar da kusan hekta miliyan biyar. Abin ya kama ne sa'ad da manomi ya tabbata icen nasa ne, shi zai amfana da shi. Dashen da aka yi don ɗaukar hoto, awaki ne suke gamawa da shi kafin kaka. Wanda aka damƙa wa unguwa, aka kewaye da ƙaya, aka karkato masa ruwan alwalar masallaci, shi ne yake kai wa ga yin inuwa.

Abin da ya rage shi ne rubutu, domin mafi yawan hurumin da aka cinye a ƙasar Hausa a baki kawai aka san shi, da dattawan da suka san iyakarsa suka rasu sai ya zama na mai takarda. Muna kira ga Ƙaramar Hukumar Jibiya, da hakimi da dagatai da masu unguwanni, da Hukumar Tsara Birane ta Jihar Katsina, su zauna tun yanzu su ƙididdige filayen jama'a da ke Magama: filin idi, da maƙabarta, da burtali, da hanyoyin ruwa, da filayen makarantu, da inda za a bar wa kowace sabuwar unguwa. A auna, a kafa turakun siminti, a ba kowanne takarda da sunan al'umma. A ajiye kwafi wajen hakimi, wani a sakatariya, wani wajen limamin Juma'a, sannan a karanta jerin a bainar jama'a bayan salla, da sunan kowane fili da iyakokinsa huɗu, yadda ko yaro ɗan shekara goma zai iya nuna inda turken yake.